Sanyin Ƙasa Ya Fi Na Sama: Yadda Na Zaɓi Shimfiɗar Kwanan Tsauni

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni da na koyi harshen a aji da kasuwa ban isa in ja da masu shi ba, kuma in dai a kan karɓar baƙo ne, gaskiyarsu ce. Sai dai akwai inda fara'ar mai masauki ba ta kaiwa, wato cikin tanti a kan tsauni, wajen ƙarfe uku na dare, a tsakiyar hunturu. A wannan lokaci abin da ke tsakanin haƙarƙarinka da ƙasa shi ne zai yanke hukunci, ko ka yi barci ko kuwa ka kwana haƙoranka suna kaɗawa. A kan wannan shimfiɗa nake so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda aikin bincike ko sha'awar yawon buɗe ido za su kai su wurare masu sanyi.

Dalilin da ya sa na shiga wannan magana shi ne, mu takwas daga ajinmu muka shirya zuwa tsaunin Mambila a hutun ƙarshen shekara, domin mu ji yadda ake amfani da Hausa a kasuwannin can, inda Fulatanci da harshen Mambila suka riga ta zama. Kuɗin masauki ya fi ƙarfinmu, saboda haka muka yanke shawarar mu riƙa kafa tanti a gefen ƙauyukan da za mu yi aiki, da izinin masu gari. Da aka zo rabon aiki, sai aka ɗora mini kula da kayan kwana. Da farko abin ya yi kama da ƙaramin aiki. Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne a cikinmu akwai wata 'yar ajinmu mai ciwon sikila. Duk wanda ya zauna da mai wannan lalura ya san sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, haka ma ƙarancin ruwa a jiki da hawa wuri mai tudu sosai. Likitanta ya yarda ta je, amma da sharaɗi: ba hawan ƙololuwa, a sha ruwa da yawa, kuma kada a kuskura sanyi ya shige ta. Daga Gembu zuwa babban asibiti kuwa tafiya ce ta sa'o'i masu yawa a kan hanya mai kwana-kwana. To ka ga maganar shimfiɗa ta tashi daga jin daɗi ta koma ta lafiya.

Ga wanda bai san wurin ba, Mambila tana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, kuma hedikwatarta ita ce Gembu. Yankin yana cikin ƙasar da Ingila ta riƙe amana, wadda ta zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, a kai Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawa tana nishi har Maisamari da Nguroje. Tudun ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, wasu wuraren ma sun fi haka. Can gefe, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, akwai Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Masana yanayi sun ce a matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Wato tun kafin a yi maganar hunturu, Gembu ta riga ta fi bakin teku sanyi da wajen digiri 10. Ƙara da cewa a lokacin rani sararin sama ba gizagizai, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere da dare ba mai tare shi. Ni da na tashi a kudu, inda muke kiran digiri 22 sanyi har mu nemi rigar ɗumi, wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa na natsu.

A nan sai in ɗan ratse, tun da mujallar ɗaliban Hausa ce. Abin da ya fara burge ni a harshen nan shi ne yadda ya rarraba abin da mu a gida muke kira da kalma ɗaya. Akwai sanyi, wanda yakan zo da danshi ko laima. Akwai ɗari, busasshe, mai tsaga leɓe da diddige. Akwai jaura, akwai muku-muku lokacin da abin ya kai maƙura. Wani malaminmu ya taɓa ce mana idan kana son sanin abin da ya dami al'umma, ka duba inda kalmominta suka yi yawa. Abin lura kuma shi ne Hausa ta raba kayan kwana gida biyu: shimfiɗa da lulluɓi. Yawancinmu idan aka ce za a je wuri mai sanyi, lulluɓi muke tunawa. Sai a nemo bargo biyu, a nemo rigar sanyi da hular sanyi da safa, a manta da abin da za a kwanta a kai.

Ga dalilin da ya sa hakan ba ya isa. Bargo ba ya samar da zafi. Jikinka ne murhun, shi kuwa bargo aikinsa kawai ya riƙe iska a tsakanin zarensa, domin iska idan ba ta motsi ba ta iya wucewa da zafi sosai. Ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi da kusan ninki 25, ƙasa mai danshi da dutse kuwa sun fi haka. To idan ka kwanta, duk abin da ke ƙarƙashinka nauyinka ya danne shi, iskar da ke ciki ta fita. Bargon da ke samanka yana nan da kaurinsa, na ƙasanka ya zama kamar ƙyalle. Haka ma buhun barci, wato jakar nan mai zif da masu hawan tsauni ke shiga ciki su kwanta. Komai tsadarsa, ko da gashin agwagwa aka cika shi, ɓangaren da ka danne ya tashi daga aiki. Ƙasa kuwa ba ta ƙoshi. Iskar cikin tanti kana iya ɗumama ta da numfashinka, amma tsauni guda ba ka iya ɗumama shi da bayanka.

Magabata sun san wannan tun kafin a zo da ma'auni. Gadon ƙasa da ake ginawa a ɗakunan gargajiya, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, musamman domin tsofaffi da masu jego, maganin sanyin ƙasa ne. Buzun da malami ke zama a kai, gashinsa ba ya kwanciya gaba ɗaya ko an danne shi, shi ya sa yake riƙe ɗumi. Har maigadi da fasinjan da dare ya yi wa a tasha, ka lura kwali suke nema su shimfiɗa. Kwali yana da 'yan ramuka a tsakiyarsa masu riƙe iska, kuma yana aiki ƙwarai matuƙar bai jiƙe ba. Tabarmar kaba ce dai ba ta da wannan baiwa. Tana tare ƙura da tsakuwa, amma sanyi ratsa ta yake yi kamar ba ta nan.

Da na fara duba shimfiɗun da ake sayarwa domin kwanan daji, abin da na yi ta cin karo da shi shi ne wata lamba da ake rubutawa bayan harafin R. Wannan lamba tana nuna ƙarfin shimfiɗar wajen hana zafi ratsa ta, kuma irin ma'aunin da magina ke amfani da shi ne a ƙasashe masu sanyi wajen auna abin da suke cusawa a bango da rufi. Idan lambar ta ninka, zafin da ke tserewa ta ƙasa ya ragu da rabi. Don in gane abin da kyau sai na yi ɗan lissafi na ƙiyasi, ban ce na ɗakin gwaji ba ne. Mutum mai barci yana fitar da zafin da bai wuce wat 70 zuwa 80 ba, wato kaɗan ya ɗara tsohon ƙwan lantarkin nan mai wat 60 da ke ƙona hannu. A ce rabin murabba'in mita na jikinka ne ke taɓa shimfiɗa, kuma bambancin zafi tsakanin jikinka da ƙasa digiri 20 ne. A kan shimfiɗa mai R 1 za ka riƙa asarar sama da wat 50 ta ƙasa kaɗai. A kan mai R 2 asarar ta koma ƙasa da wat 30. A kan mai R 4 kuwa ba ta kai wat 15 ba. Mai karatu, duba ka gani: a shimfiɗa ta farko, fiye da rabin wutar da jikinka ke hurawa ƙasa ce ke shanyewa, kai kuma kana can kana ƙara bargo a sama kana mamakin me ya sa ba ka ji ɗumi ba.

A da kowane kamfani da yadda yake auna nasa, wasu ma ƙiyasi kawai suke yi su rubuta. A 2018 ƙungiyar ASTM ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin gwajin kayayyaki, ta fitar da ƙa'ida mai lamba F3340, kuma daga 2020 manyan kamfanoni suka fara buga lambobinsu bisa ita. Yadda ake gwajin ba wuya a fahimta. Ana sa shimfiɗar tsakanin faranti biyu, na sama a digiri 35 kamar jikin mutum, na ƙasa a digiri 5 kamar ƙasa mai sanyi, sai a auna wutar da ake buƙata don na saman ya zauna da ɗuminsa. Saboda haka idan na ga shimfiɗa a intanet an rubuta mata babbar lamba amma ba a ambaci wannan ƙa'ida ba, nakan ɗauki lambar a matsayin kirarin mai talla. Wani abin da ya buɗe mini ido kuma shi ne yadda ake auna buhun barci. Ƙa'idar ISO 23537 ta tanadi a sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin buhun, a kwantar da shi a kan shimfiɗar da ƙarfinta ya kusa R 5. Ashe idan ka ga an rubuta wa buhu cewa yana jure digiri 5, alkawarin yana tare da sharaɗin da ba a faɗa maka ba. Ka ɗora shi a kan tabarma, alkawari ya warware.

Masu harkar sun saba cewa R 1 zuwa 2 na lokacin zafi ne, 2 zuwa 4 na sanyi matsakaici, daga 4 zuwa sama kuma na inda ruwa ke daskarewa. Masu kwana a kan ƙanƙara sukan nemi 5 ko 6 ko fiye. Mambila ba ta kai nan ba. Na tsayar da cewa R 2 shi ne mafi ƙaranci ga mai lafiya da ke da lulluɓi mai kyau, 3 zuwa 4 kuma shi ne kwanciyar hankali. Amma jiki ya bambanta. Ita kanta ƙa'idar buhun barci lamba fiye da ɗaya take bayarwa, ɗaya ga mai saurin jin sanyi, wadda aka gina a kan matsakaiciyar mace, ɗaya ga mai jurewa. Wanda ya gaji, ko bai ci abinci sosai ba, ko siriri ne, ya fi saurin jin sanyi. Ga 'yar ajinmu kuwa ban tsaya a kan mafi ƙaranci ba.

Shimfiɗun iri uku ne a kasuwa. Ta farko ita ce ta soso mai rufaffun ramuka, wadda ake naɗewa ko a ninke kamar littafi. Ba irin soson katifarmu ta ɗakin kwanan ɗalibai ba ne. Shi wancan ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa, kuma nauyin mutum yana matse shi. Wannan kuwa kowane ɗan rami a toshe yake da iskarsa a ciki, ba ya shan ruwa, ba ya sacewa, ko ƙaya ta huda shi yana nan yana aiki. Shahararrun irinsa, kamar Z Lite Sol na kamfanin Therm-a-Rest da Switchback na NEMO, ƙarfinsu R 2 ne, nauyinsu kuma wajen giram 400. Aibinsa biyu ne: kaurinsa wajen santimita 2 ne kawai, don haka mai kwanciya ta gefe zai ji ƙugunsa yana gaisawa da ƙasa, sannan yana da girma, sai dai a ɗaure shi a bayan jaka. Kada a rikita shi da 'yar tabarmar motsa jiki ta roba, wadda kaurinta milimita kaɗan ne. Sun yi kama a ido, amma ba ɗaya ba ne.

Ta biyu ita ce mai hura kanta. Soso ne mai buɗaɗɗun ramuka aka rufe cikin yadin da iska ba ta ratsawa, aka sa masa bawul. Idan ka buɗe bawul ɗin, soson ya kumbura ya ja iska, sai ka ƙara da baki sau biyu ko uku ka rufe. Wasu injiniyoyi da aka sallama daga kamfanin jiragen sama na Boeing a birnin Siyatil ne suka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970, cikinsu har da Jim Lea da Neil Anderson, kuma daga nan sunan Therm-a-Rest ya samo asali. Tana da daɗin kwanciya, ko ta huje ma akwai sauran soso a ƙarƙashinka, sai dai ta fi sauran nauyi.

Ta uku ita ce ta iska zalla, kuma a nan ne mutum ke iya ruɗuwa. Katifar iskar nan mai kauri da ake sayarwa a manyan kantuna domin baƙi, wadda ake hurawa da famfo, kowa ya gan ta zai ce ai wannan ta raba ka da ƙasa da nisa. Amma cikinta fili ne guda, iskar tana zagayawa: wadda jikinka ya ɗumama ta bazu ta taɓa ƙasa da gefe ta huce, mai sanyi ta maye gurbinta. Haka za ta yi ta jigilar zafinka har gari ya waye, shi ya sa ƙarfinta bai wuce wajen R 1 ba duk da kaurinta. Gadon soja mai ninkewa ma haka yake, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa, dole sai an ɗora masa shimfiɗa. Waɗanda aka yi domin sanyi an rarraba cikinsu ƙananan ɗakuna, an sa auduga ta roba ko gashin agwagwa, ko kuma wasu siraran ledoji masu ƙyalli da ke mayar wa jiki zafinsa. Da wannan dabara ce XLite NXT ta kai R 4.5, XTherm NXT kuma ta kai 7.3, alhali idan aka naɗe su ba su fi gorar ruwa girma ba. Kuɗinsu ne matsalar. Kowace ta kai dala 200 ko ta haura, kafin a yi maganar kuɗin kawowa, ita kuwa ta soso wajen dala 50 ce a can inda ake yin ta. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ya san wadda zai fara kallo.

Ko da ina da kuɗin, akwai abin da zai sa in yi tunani sau biyu. Shimfiɗar iska ƙarfinta duk yana rataye ne a kan yadi siriri. Da rani makiyaya sukan ƙona ciyawa a kan tsaunukan domin sabuwa ta tsiro, abin da ke saura kuwa kututturan ciyawa ne masu tsini kamar ƙusa. Huda ɗaya ta isa ta mayar da R 7 ta koma kusan sifili da tsakar dare. Ana iya yin faci, kuma yadda mai facin taya ke yi haka ake yi: a hura, a shafa ruwan sabulu, a nemi inda kumfa ke tashi, a busar, a manna. Amma yin wannan da tocila a baki da yatsu a sandare wani abu ne daban. Wani abin kuma, idan ka hura ta da yamma, da dare ya yi sanyi iskar ciki takan tsuke, sai shimfiɗar ta yi laushi ka zaci ta huje. Ƙarin iska kaɗan kafin kwanciya shi ne maganinsa. An fi so a hura da jakar famfo da ake haɗowa da ita maimakon baki, saboda danshin numfashi yana taruwa a ciki. Kuma kada a bar ta a hure cikin tanti da rana tsaka, zafi na iya kumbura ta har ɗinkin ciki ya ɓalle.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne sanin cewa lambar R ana tara ta. Ka ɗora mai 2 a kan mai 2, ka sami 4. Masu kwana a kan ƙanƙara sun daɗe suna haɗa ta soso da ta iska, ta soson tana kare ta iskar daga huda, kuma idan ta iskar ta sace akwai abin da ya rage. Da wannan na shiga kasuwar 'yan gwanjo, inda kayan kwanan daji na Turai ke zuwa cikin dila tare da jakunkuna da takalman hawan dutse, sau da yawa mai sayarwa ma bai san amfaninsu ba. Ta soso ba ta da wuyar dubawa: ka matsa da yatsa, idan ta dawo da sauri da sauranta, idan ta zauna a lotse ta mutu. Mai hura kanta kuwa sai da na roƙi mai kayan ya bar ni in je da ita gida bisa sharaɗi. Na ce masa, "Alhaji, in ta kwana da iskarta gobe in cika maka kuɗi, in ta sace in dawo maka da abarka." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, ka iya ciniki fiye da Hausarka." Na hura ta, na ɗora mata ƙamus biyu da jakar littattafai, na bar ta har safe. Biyu na gwada a haka, ɗaya ta ci jarrabawa.

Girma ma abin dubawa ne. Yawancinsu faɗinsu santimita 51 ne, tsawo 183, akwai kuma masu faɗin 64 ga mai jiki ko mai juye-juye. Idan gwiwar hannunka tana sauka ƙasa duk lokacin da ka juya, sanyi zai tashe ka komai girman lambar. Akwai gajeru masu tsawon wajen santimita 120, daga kafaɗa zuwa gwiwa, sai a sa jakar goyo a ƙarƙashin ƙafa. Da wannan dabara muka raba wata doguwar ta soso gida biyu, mutum biyu suka ƙara a kan tasu daidai inda ƙirji da ƙugu ke sauka, domin nan ne nauyi ya fi dannawa.

Ga yadda rabon ya kasance. Mu bakwai kowa ya sami ta soso, wasu da ƙarin rabi, muka kuma tara kwalaye a Nguroje muka shimfiɗa a ƙarƙashi, bisa leda mai kauri don tare laima. 'Yar ajinmu kuwa aka haɗa mata ta soso a ƙasa, mai hura kanta a sama, da buzun da wani ɗan ajinmu ya aro a gidansu, aka kuma sa ta a tsakiyar tantin mata, nesa da bango inda raɓa ke taruwa. Dokar da na kafa guda ce, kuma na tsaya a kanta ko da aka yi mini gunaguni: ba mai shiga da kaskon garwashi cikin tanti. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum cikin barci a rufaffen wuri. Mai jin sanyi ya zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau, ya naɗe ta da safa ya rungume, ya ci abinci mai nauyi kafin ya kwanta, ya canza kayan da ya yi gumi a ciki.

A ƙauye na biyu da muka sauka, wani dattijo makiyayi ya zo kallon yadda muke kafa tanti. Ya ɗauki shimfiɗata ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya tambaye ni nawa na saya. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai. Na ce, "Baba, ku a kan me kuke kwana idan kun fita da shanu?" Ya ce fata, da busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinta, kuma ba a kwana a kwari. Wannan ta ƙarshen ba ta cikin abin da na karanta a kan shimfiɗa, amma daidai take da abin da masana yanayi ke faɗa: iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangara ta taru a kwari da bakin rafi. Mu kuwa wani lungu mai kyau kusa da ruwa muka nufa saboda ya kare mu daga iska. Ya nuna mana wani ɗan tudu a bayan itatuwan turare da aka shuka, muka kwashe kaya muka koma can. Da asuba na leƙa, hazo ya cika kwarin fal kamar an zuba nono a ƙwarya, mu kuwa muna sama da shi.

Kwana tara muka yi. Ba zan ce an yi barcin gida ba, domin soso mai santimita 2 ba ya ɓoye tsakuwa, kuma kowace safiya akwai mai ƙorafin ƙugu. Amma ba wanda sanyi ya hana barci, 'yar ajinmu kuma ta dawo lafiya da kaset ɗinta na hira da matan kasuwar Gembu, wanda a ƙarshe ya fi na kowa amfani a rahotonmu. Mai hura kantan tana wurina yanzu, a shimfiɗe a ƙarƙashin gado da bawul a buɗe, domin idan aka ajiye ta a naɗe soson yakan manta yadda ake kumbura.

Wasu daga cikinmu sun fara maganar Dutsen Kamaru, wanda ake hawa daga garin Buea, mai tsawon sama da mita 4,000. A can sama zafi yakan sauka kusa da inda ruwa ke daskarewa, ƙasar kuma ƙonannen dutse ne mai kaifi da aman wuta ya bari. Bisa lissafina, ba wanda zai je da abin da bai kai R 4 ba, kuma dole ta soso ta kasance a ƙasa saboda kaifin dutsen. Wato kowa yana buƙatar shimfiɗa ta biyu. Na riga na gaya wa Alhaji mai gwanjo ya ajiye mini duk wadda ta fito a dila ta gaba.